Yadda Za Ka Karya Tattabara Ka Bar Wata da Laifi

Kai da ka gaji da zama ƙaramin ma'aikaci mai share ɓarnarsa da hannunsa, jawo kujera. Jagoran nan ya yi maka alkawari, kuma ba irin na masu gyaran waya ba: in ka bi matakan da ke ƙasa ɗaya bayan ɗaya, za ka karya manhajar da dubban mutane ke neman abinci da ita, ka tafi hutun ƙarshen mako haƙoranka a waje, ka dawo ka tarar an riga an samo mai laifi, kuma ba kai ba ne. An gwada dabarar a ofis na gaske, ta ci. Tabbas ne.

Ofishin yana hawa na biyu, saman wani shagon taya. Mutum tara ne a ciki, da fanka ɗaya mai kuka kamar ana yi mata dole. Aikinsu shi ne haɗa ɗaruruwan manhajoji wuri guda, su daidaita su yadda ba za su yi faɗa da juna ba, su raba wa makarantu da shaguna da ƙananan asibitoci. Wannan tarin suke kira Rumbu. Duk abin da aka zuba a Rumbu yau, gobe da safe yana cikin kwamfutar kowa.

A cikin Rumbu akwai Tattabara, manhajar tura fayil daga wannan kwamfuta zuwa waccan. Tattabara ba ta tsaye da ƙafarta kaɗai, tana jingine da wani laburare. Kada ka hango ɗakin littattafai. A wajen mutanen nan, laburare ƙunshin umarni ne da manhajoji da yawa ke ara, kamar tsani ɗaya a gidan haya. In mai tsanin ya cire matakala biyu bai faɗa wa kowa ba, ka san wanda zai ji a ƙugunsa, kuma ba shi ba ne.

Mai kula da laburaren shi ne babban injiniya, wanda kowa ke kira Tsohon Hannu. Shi ne malaminka a darasin nan. Mai kula da Tattabara kuwa wata budurwa ce da suka laƙaba wa Hujja, don ba ta buɗe baki a taro sai da takarda a hannu. Shekara uku ta yi tana gyara kurakuran wasu kafin a ba ta makulli, wani ɗan abu kamar filas wanda sai da shi ake iya zuba komai a Rumbu. Wata biyar ke nan da ta rataya shi a wuya. In aka karɓe shi, ta koma 'yar kallo. Riƙe wannan, don a kansa za a yi wasan.

Mataki na 1: Ka tsufa a kujerarka

Kada ka yi gaggawa. Sabon ma'aikaci in ya yi ɓarna, ɓarna ce. Wanda ya shekara goma sha biyu in ya yi, sunanta gogewa.

Samu kujerar da ke kusa da taga. Bar kofin shayinka ya yi kanta. In ƙaramin ma'aikaci ya yi tambaya, ka fara da dogon numfashi, sannan ka ce, "Lokacin da muka fara Rumbu..." Ba sai ka ƙarasa ba. Tsohon Hannu bai taɓa ƙarasa wannan jimlar ba, kuma babu wanda ya taɓa neman jin ƙarshenta.

Mataki na 2: Zaɓi yammacin ranar ƙarshe ta mako

Ofishin yana da ƙa'ida: duk wanda zai canja sigar laburare, sai ya ajiye ta mako guda a ɗakin gwaji, a sake gina duk manhajojin da ke jingine da ita, a ga wadda ta tsaya da wadda ta faɗi. Ƙa'ida ce mai kyau. Tsohon Hannu ne ma ya rubuta ta, shi ya sa ya san ba don shi aka yi ta ba.

Siga ta uku ta laburaren ta fito da hantsi. Da ƙarfe huɗu saura kwata, Hujja ta hango ta a allonsa, yana shirin ture siga ta biyu ya zuba sabuwar kai tsaye. Ta miƙe ta zo ta tsaya a bayansa.

"Yallaɓai, ba za ta bi ta ɗakin gwaji ba?"

"Na gwada."

"Da Tattabara? Masu laburaren sun rubuta cewa sun canja yadda ake kiransa. Shafi na biyu, ga shi na buga."

Bai dubi takardar ba. Ya dubi agogo.

"Yarinyar nan, kin san shekara nawa na yi ina taɓa wannan laburaren? Kina aji nawa a lokacin?"

"Aji biyu, Yallaɓai. Amma shi laburaren bai san haka ba."

Wani ya yi tari a bayan allonsa. Tsohon Hannu ya soka makullinsa, ya danna, ya zare, ya ɗauki jakarsa.

Lura da kyau: gargaɗin da aka yi maka a baki, iska ce. Kada ka taɓa karɓar takarda da hannunka. Takardar da ba ka taɓa ba, ba ka gani ba.

Mataki na 3: Kashe wayarka, ka je ka ga iyali

Iyali suna da haƙƙi a kanka, musamman ranar da ka san wani abu na iya fashewa.

Washegari da safe, kwamfutoci suka ɗauko sabuwar siga. Tattabara ta buɗe, ta kira laburaren da sunan da ta saba, babu amsa, ta rufe kanta. A danna, ta leƙo, ta ɓace. A sake dannawa, ta leƙo, ta ɓace.

Hujja tana tsugune gaban bahon wanki wayarta ta fara kuka. Gwaggonta ce, ƙanwar mahaifinta, mai shagon buga takardu. Hujja ce da kanta ta lallashe ta ta bar tsohon tsarinta ta koma Rumbu, har da rantsuwa.

"Ke 'yar nan! Tsuntsuwarki ta mutu."

"Ina kwana, Gwaggo."

"Ban kwana ba, kuma ban wuni ba. Makaranta ta turo littattafan jarrabawa, ana so jibi, abin nan sai ƙifta mini ido yake yi kamar mai jin kunyar suruki. Ba ke kika ce ko jariri zai iya ba?"

"Gwaggo, ba daga wajenki ba ne."

"To na sani! Ni da ban taɓa komai ba? Shugaban makaranta yana tsaye a kaina da tumbinsa, in ce masa me? In ce 'yar ɗan'uwana ce ta yi karatun kwamfuta?"

Hujja ta bar wankin cikin kumfa. Ta kira Tsohon Hannu sau bakwai, kowane kira wata mata mai sanyin murya ta ba ta haƙuri. Ta kira Manaja, ya ce laburare ba hurumin kowa ba ne sai mai shi, kada ta kuskura ta taɓa, a jira farkon mako. Ta ɗauki filas ta hau mota har makarantar, ta kwafo littattafan da hannu ta kai wa Gwaggo, kamar zamanin da ba a ƙirƙiro waya ba. Gwaggo ta karɓa, ta dube ta sama da ƙasa.

"Ashe ke ce tattabarar."

Sauran hutun ta yi shi a kan tabarmar tsakar gida, kwamfuta a cinya, ƙorafi na shigowa kamar ruwan indararo, tana bin sabuwar sigar layi-layi tana neman inda aka toshe ƙofa.

Kai kuwa, a daidai wannan lokacin, ka tabbata kana koya wa ɗanka hawan keke.

Mataki na 4: Nuna musu cewa a wajenka tana aiki

Wannan shi ne ƙashin bayan dabarar, don haka gyara zama.

Farkon mako, Manaja ya tara kowa. Ƙorafi ɗari biyu da goma sha huɗu. Tsohon Hannu ya shigo a makare, ya saurara da fuskar mai jin labarin wata ƙasa, sannan ya buɗe kwamfutarsa, ya juya ta kowa ya gani, ya danna Tattabara.

Ta buɗe. Ta tura fayil. Har da ɗan ƙaran nan nata na murna.

"To," in ji shi. "Ni dai ban ga matsala ba."

Sirrin ba wani sirri ba ne. Kwamfutar Tsohon Hannu ba a taɓa share ta ba tun da aka saye ta. Kowace siga da ya taɓa gwadawa tana nan kwance a wani lungu, kamar ɗakin ajiyar tsohuwa. Tattabara ta nemi siga ta biyu, ta same ta a ƙarƙashin tarkace, ta ci gaba da harkarta. Kwamfutocin mutane kuwa masu tsafta ne: sabuwa ta shigo, tsohuwa ta fita.

Hujja ta san haka. Ta ce, "Yallaɓai, a gwada a waccan." Ta nuna kwamfutar da ke kusurwa, wadda aka ajiye musamman don irin wannan rana.

"Wato ƙarya nake yi?"

"Ban ce ba. Na ce a gwada a waccan."

"Manaja, ka ji ko? A gabanka."

Ka ga gwaninta? Ita ta kawo maganar kwamfuta, shi ya mai da ita maganar tarbiyya. Daga nan babu wanda ya sake kallon kusurwa. Mutum tara masu takardar shaidar karatu suka shafe minti arba'in suna tattauna yadda ya dace ƙarami ya yi magana da babba, kwamfutar gwaji na zaune tana sauraro, ko kunna ta ba a yi ba.

Mataki na 5: Tambayi sunan abin da ya karye

Kada ka bari a tambayi wa ya taɓa me. Ka tambayi me ya faɗi.

"Laburare ne mutane ke kuka da shi?" in ji Tsohon Hannu. "A duba ƙorafin nan ɗari biyu. Akwai wanda ya ambaci laburare?"

Babu. Gwaggo da ire-irenta ba su san akwai wani abu wai shi laburare ba. Tattabara suka sani, Tattabara suka zaga.

"To wa ke kula da Tattabara?"

Ido goma sha shida suka juya. Hujja ta ji su a fatarta kamar zafin murhu. Ba ta sunkuyar da kai ba, abin da ya ƙara mata laifi.

Kafin a tashi cin abinci, ya aika saƙo zauren ma'aikata na intanet, inda har wakilan makarantu da asibitoci ke karantawa. Kwafi salon, zai yi maka amfani: "An samu tangarɗa sakamakon rashin shirya Tattabara da wuri don karɓar ci gaban zamani. Muna kira ga matasan ma'aikatanmu da su riƙa bibiyar sauye-sauye." Bai kama suna ba. Matashiya ɗaya ce a ofishin.

Mataki na 6: Ba ta zaɓi, don kai mai adalci ne

A nan za ka buƙaci manaja mai son zaman lafiya. Ba su da wuyar samu. Alamarsu ita ce suna cewa "mu duka 'yan'uwa ne" daf da za su yanka wani.

Manaja ya kira Hujja ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya tura mata kwalbar ruwa.

"Ɗiyata, ni na san ƙoƙarinki. Abin nan layi biyu ne kawai. Ki rubuta a zaure cewa kin yi sakaci, kina neman afuwa. Shi ke nan, makullinki na wuyanki, kowa ya manta."

"Ranka ya daɗe, wane sakacin?"

"Ke dai ki rubuta. Kalma ce."

"In kalma ce, shi ya rubuta mana. Ya fi ni iya rubutu, na ga saƙonsa."

Manaja ya cire tabarau ya murza ido. "Mutumin nan ya girme ki. Ba za a ce ya tsaya gaban jama'a ya... Ki duba girman Allah. In ba ki rubuta ba, dole in karɓi makullin har a gama bincike."

"Wa zai yi binciken?"

Ya mai da tabaran. "Babban injiniya."

Shekara uku ta dawo mata a rai: safiyoyin da ta riga mai shara zuwa, kurakuran da ta gyara aka yaba wa wasu, ranar da mahaifiyarta ta juya makullin a tafin hannu ta ce, "Wannan ɗan abin ne duk wahalar?" sannan ta ɗaga shi ta nuna wa maƙwabciya ta kan katanga. Layi biyu. Ko minti ɗaya ba zai ci ba.

Ta ciro igiyar daga wuyanta, ta naɗe ta tsaf a jikin makullin, ta ajiye kusa da kwalbar ruwan da ba ta buɗe ba.

"Na gama rubuta facin da zai ta da Tattabara tun jiya," ta ce. "Yana cikin jakar fayilolin ofis. A karanta shi daga farko."

Aka mai da ita teburin amsa waya, wanda ke bakin ƙofa, inda iskar fanka ba ta kaiwa. An ce na ɗan lokaci ne.

Hikimar da za ka ɗauka: mai taurin kai ba ta buƙatar a ture ta. Nuna mata rami ka ce ta durƙusa, za ta zaɓi faɗawa a tsaye.

Mataki na 7: Ɗauki facinta, ka aske masa kai

Yanzu kai ne mai ceto. Faci na nan a shirye, mai shi ba ta da makulli, jama'a na kuka. Wa ya rage?

Sai dai akwai 'yar matsala. A saman kowane faci akan bar wasu layuka na bayani, kuma layin farko sunan wanda ya rubuta ne. Tsohon Hannu ya buɗe, ya ga sunanta, ya ga layuka goma sha ɗaya na surutu a ƙarƙashinsa. Ya shafa su duka tun daga sama har ƙasa, ya goge, ya rubuta nasa sunan da layi ɗaya: "An gyara." Ya soka makulli.

Tattabara ta tashi. Zaure ya cika da godiya. Wani shugaban makaranta ya rubuta cewa tsofaffin hannu ba su da na biyu. Manaja ya sa aka sayo lemo, aka miƙa wa Hujja nata a teburin waya, ta ce ta gode, tana da ruwa.

Kada ka karanta abin da za ka goge. Karatu na kawo shakka, shakka na ɓata lokaci. Da Tsohon Hannu ya karanta, da ya ga layi na uku: "Wannan rabin gyara ne. Yana hana ta rufewa, amma sabuwar siga ta canja yadda take ƙirga girman fayil. Duk fayil ɗin da ya wuce giga biyu zai isa a gutsure. Kada a zuba a Rumbu sai na gama kashi na biyu."

Mataki na 8: Ji daɗinka, kana da kwana biyu

Ranar farko ƙananan fayiloli suka yi ta shawagi lafiya. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku manyan suka fara isa: taswirar gini babu rufi, hoton ƙirjin majiyyaci babu rabin haƙarƙari, kundin makaranta da ya tsaya cak a tsakiyar aji huɗu.

A nan ne jagoran nan ya kamata ya gaya maka wani abu da ya manta. Rumbu ba ya sanin girma, ba ya sanin shekaru. Wanda makullinsa ya taɓa manhaja a ƙarshe, sunansa yake liƙawa a matsayin mai kula da ita, kuma can yake tura duk ƙorafi. Akwatin saƙon Tsohon Hannu ya fara cika tun kafin ya gama juya shayi.

Waya kuma tana hannun wa?

"Barka da rana, ofishin Rumbu. Tattabara? Ayya, sannu. Bari in duba mai kula da ita." Sai ta ɗan dakata, kamar da gaske dubawa take. "Babban injiniyanmu ne da kansa. Kin yi sa'a. Ga shi nan."

Wayar teburinsa ta yi ƙara. Ya ajiye, ta sake. Hujja ba ta taɓa yin aiki da ladabi irin na ranar ba. Ko kira ɗaya ba ta bari ya faɗi ƙasa ba.

Na goma sha tara Gwaggo ce.

"Ke ce? To ba ke nake nema ba, an ce an ba wani babba. Ba ni shi."

Ofishin ya yi tsit, don muryar Gwaggo ba ta buƙatar lasifika.

"Kai ne injiniyan? Sannu da ƙoƙari. Kundin yaye ɗalibai na buga, kwafi ɗari uku, sai da aka ɗinke na ga hotunan sun ƙare a kan yaro na sittin. Sauran iyayen in ce musu 'ya'yansu ba su gama ba? ... A'a, kada ka ce mini in kashe in kunna. Na kashe, na kunna, na kashe, har na'urar ta fara gaishe ni. ... A taka kwamfutar? To ɗauko taka ɗin ka zo ka zauna a shagona, ina da benci."

Tsohon Hannu ya shafe yinin yana buɗe cikin Tattabara yana rufewa. Shekara uku rabon da ya leƙa ta. Ya nemi bayanin facin, ya tuna inda ya kai shi. Ya yi tunanin mai da siga ta biyu, ya tarar wasu manhajoji shida sun riga sun koma kan ta uku, in ya ja baya su ma su faɗi. Shayinsa ya huce a kofi, bai sani ba.

Mataki na 9: Tuna cewa ƙanwarka ce

In ruwa ya kai maka wuya, zumunci ya zo. Jira sai mutane sun fita cin abinci, ka taka a hankali zuwa bakin ƙofa.

"Ƙanwata."

Hujja ta ɗago. Shekara uku tana "yarinyar nan", yau ta wayi gari da yaya.

"Yallaɓai."

"Wannan facin... kamar akwai ɗan abin da ya rage."

"Akwai. Na rubuta a samansa."

"E, to. Kin san yadda aiki yake." Ya jawo wata kujerar roba ya zauna, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa. "Kashi na biyun, kin gama?"

"Tun shekaranjiya."

Fuskarsa ta saki. "Madalla! Turo mini in zuba, mutane su huta. Ni kuma zan yi wa Manaja magana a hankali, tsakaninmu."

"A zaure aka ce na yi sakaci, Yallaɓai. Ba tsakaninmu ba."

"Ai ban kama suna ba."

"To wannan karon a kama."

"Ki ji tausayin mutane. Akwai asibitoci."

Nan ya taɓa inda ke mata ciwo, kuma ya sani. Abin da bai sani ba shi ne, tun safe duk asibitin da ya bugo waya sai ta koya masa yadda zai raba babban fayil gida biyu ya tura, kafin ta miƙa kiran. Majiyyata ba su jira girman kan kowa ba. Wahala ce dai, ana yi ana tsaki, kuma kowane tsaki da adireshinsa.

"Ina jin tausayinsu," ta ce. "Shi ya sa ba zan ba da gyara ga wanda ba ya karanta gyara ba. Layi uku, Yallaɓai. Wa ya zuba siga ta uku ba gwaji, wa ya goge gargaɗi, wa ya rubuta facin. Kana turawa, ni kuma in zuba da makullina."

"Ba ki da makulli."

"Shi ne na huɗu."

Wayar ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta saurara, ta rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Naka ne. In tura can, ko za ka amsa a nan?"

Mataki na 10: In babu makawa, faɗi gaskiya da ƙaramar murya

Ya yi kwana ɗaya yana jan ƙafa. Ƙorafi ya haura ɗari huɗu. Wata makaranta ta rubuto tana tambayar yadda ake fita daga Rumbu gaba ɗaya, Manaja ya karanta, son zaman lafiyarsa ya canja alƙibla nan take.

Saƙon ya fita da ƙarfe goma sha ɗaya. Ka adana shi, don ko a faɗuwa akwai gwaninta: "An zuba siga ta uku ba tare da an bi ta ɗakin gwaji ba. An kuma cire wani bayani bisa kuskure. Facin na abokiyar aikinmu ne mai kula da Tattabara."

An zuba. An cire. Aljanu ne, ka san halinsu.

Hujja ta karanta sau biyu, ta amsa a zauren, gaban kowa, da kalma biyu: "Wa ya?"

Minti ashirin babu motsi. Fanka na kuka. Kowa ya dage yana kallon allonsa kamar an ce za a yi jarrabawa. Sannan amsa ta faɗo, mafi gajartar abin da Tsohon Hannu ya taɓa rubutawa a shekara goma sha biyu:

"Ni ne."

Manaja bai kira taro ba. Ya zo wucewa ta bakin ƙofa kamar mai neman wani abu, ya ajiye makullin a gefen wayar, ya ce, "Ɗiyata, ai kin san mu duka..." Ta dube shi. Ya haɗiye sauran, ya wuce.

Ta gama da matar da ke kan layi tukuna, ta yi mata bayani dalla-dalla har ta gane. Sannan ta rataya igiyar, ta ɗauki kofinta, ta koma teburinta. Kashi na biyun ta tura shi ɗakin gwaji.

Tsohon Hannu ya leƙo ta saman allonsa, idanunsa jawur. "Gwaji kuma? Mutane na jira! Ki zuba kai tsaye mana!"

"Zan nemi Manaja ya rage mana zuwa kwana biyu, tunda gaggawa ce," ta ce. "Kafin nan sunanka ne a kai, Yallaɓai. Ga wayarka can tana kira."

Sanarwar wanke hannu

Jagoran nan ya yi alkawarin za ka karya manhaja, za ka yi hutu, za a ɗora wa wata. Duk an cika. Bai ce har abada ba, kuma da ka karanta daga farko da ka lura, sai dai an riga an koya maka kada ka karanta.

Saboda haka babu ruwan jagoran nan da duk abin da ya same ka: kiran waya, hawan jini, kujerar roba, ko gwaggon wani. Ba ya karɓar ƙorafi, ba ya mai da martaba in ta zube. In ka gwada dabarar a kan wadda ta yarda ta rubuta layi biyun, ka ci banza, Allah ya isar mata. In kuwa ka haɗu da wadda ta gwammace ta cire makulli da ta sunkuyar da kai, to kai ka zaɓo ta, kai ka san inda ka samo ta. Mu ba mu san ka ba, ba mu taɓa ganinka ba, kuma in an tambaya, lokacin muna hutu.